Dodon Gada da Gaisuwar Iya

Har gobe ba zan manta da wata Litinin ta tsakiyar damina ba, ranar da Oga Kabiru ya tara mu ya ce in har kaka ta yi mutane ba su dawo ba, zai rufe wasan kowa ya kama gabansa. Ina cikin shekarata ta biyu a aikin nan a lokacin. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kuna yawan tambayata dalilin da ya sa nake ɓata rai idan ɗan wasa ya rubuto cewa komai lafiya, amma in wani ya zazzaga mana masifa sai ku ga ina murmushi. To ku gyara zama ku ji.

A wancan lokacin ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani shago, nesa kaɗan da gadar Wudil. Mu huɗu ne kacal. Oga Kabiru shi ne shugaba, ɗan garin nan ne, kuma shi yake rubuta labarin wasan da duk maganar da mutanen cikinsa ke yi. Bitrus mutumin kudancin Kaduna ne, ya zo karatun kwamfuta a jami'ar nan ya ƙare bai koma ba, shi yake gina wasan da kansa. Akwai mai zane, wanda ba ya magana sai an tambaye shi. Sai ni, Hajara, mai kula da 'yan wasa. Aikina shi ne amsa ƙorafi, da raba faɗa a guruf ɗin da muka buɗe musu a waya, da kawo rahoto duk ranar Litinin. 'Yan wasan suka laƙaba min Anti Admin, har wanda ya girme ni haka yake kirana.

Ga wanda bai san wasan ba, sunansa Ƙetare, a waya ake yinsa. Mutum zai zaɓi abin da yake so ya zama, ko mafarauci, ko maƙeri, ko masunci, ko mai magani. Sai ya haɗu da wasu mutane na gaske, kowa da wayarsa a inda yake, su yi ayari su shiga daji. Ana cikin tafiya za a iso wani kogi, a kan gadarsa akwai dodo. Sai ayari ya kashe shi sannan zai ƙetare ya ga sauran duniyar wasan. Wanda dodon ya kashe kuwa, zai farfaɗo a bukkar wata tsohuwa, Iya Mai Magani, ta yi masa magani ya koma fagen fama.

A bukkar Iya muke karɓar ra'ayin mutane. Akwati ne yake buɗewa, dole mutum ya rubuta wani abu kafin a bar shi ya fita. Bitrus ya haɗa akwatin da wata dabara mai ƙirga kalmomi. Duk wanda ya rubuta “sauƙi” sai a jefa shi koren layi, wanda ya rubuta “wuya” ko “wahala” a jefa shi jan layi. Ranar Litinin Bitrus zai haska mana allo mu ga wanne ya fi tsawo. Wani abu kuma da ya kamata ku sani, mu ma'aikata da asusu na musamman muke shiga wasan, wanda ba a kashe shi, don mu zaga ko'ina mu duba gyara. Saboda haka babu ɗayanmu da yake ganin cikin bukkar nan.

Tun da aka saka dodon, duk Litinin ta Allah koren layin nan sai ya kusa fita daga allo, jan kuwa ɗan tsito ne. Oga ya kan dubi Bitrus ya ce, “Ka gani ko? Sun raina mana dodo. A ƙara masa ƙarfi.” Bitrus ya ƙara. Aka ba shi wutsiya ta biyu. Aka sa yana feshin taɓo mai makantar da mutum. Aka sa in an kusa kashe shi sai ya nutse ya dawo da jininsa a cike. Duk sati sai an ƙara masa wani abu, kuma duk sati koren layin sai ya ƙara tsawo.

Ni kuma abin da nake gani daban ne. Mutane suna raguwa. Sunayen da na saba gani da la'asar sai in neme su in rasa. Na faɗa a rahoto. Oga ya ce, “Ai shi ne maganata, Hajara. Wasan ya yi musu sauƙi, ya gundure su, shi ya sa suke tafiya.” Na ce, “Oga, ni dai jikina bai ba ni haka ba.” Ya ce ba da jiki ake aiki ba, da lissafi ake yi. A wannan satin aka sa wa dodon ƙaho.

Kuna iya cewa, to me ya hana mutane su yi magana a guruf? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce abin da ya fi ƙona min rai a duk labarin. Akwai wani ayari da suke kiran kansu Zakuna, yawancinsu 'yan jami'a ne masu manyan wayoyi da data ba iyaka. Jagoransu wani ne mai laƙabin Sarkin Yaƙi. Su suka mallake guruf ɗin, safe da yamma suna ciki. Duk bawan Allahn da ya kuskura ya ce dodon ya yi tsauri, to ya shiga uku.

Ina tuna wani da ya rubuta, “Don Allah admin a ɗan rage wa dodon nan ƙarfi, mun daɗe muna fama da shi.” Kafin in gama karantawa Sarkin Yaƙi ya amsa: “Gaye, ba dodo ba ne matsala, yatsunka ne. Je ka koyi wasa tukuna. Nub kawai,” wato ɗan koyo. Wani ya ce, “'Yan kunu sun fara kuka.” Sai sitika ta ko'ina, hoton jaki, hoton jariri yana shan madara. Na ja musu kunne, suka ce, “Haba Anti Admin, wasa ne fa, ke ma kin cika siriyos.” Na kai wa Oga ƙara na ce a ba ni dama in fitar da ko mutum ɗaya ya zama darasi. Ya ce in rufa masa asiri, Zakuna su ne masu kishin wasan, su suke tallata shi a makaranta. Haka na zauna ina kallo ana korar mana mutane da sitika.

Ranar da Oga ya yi mana wancan wa'adin na kaka, tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Na sha zaman gida bayan bautar ƙasa kafin in samu aikin nan, kuma ba ni da wani a hannu. Da aka tashi taro na ce wa kaina, masu magana na ji nasu har ya ishe ni, bari in nemi waɗanda suka yi shiru.

Wanda ya fara faɗo min a rai shi ne Malam Ado, tela ne a Achika, magidanci mai iyali. Shi ya haɗa wani ayari na mutanen yankinsu, akwai manoma, akwai malamin firamare, akwai wani mai sayar da kifi. Bayan la'asar suke taruwa a ƙofar shagonsa kowa ya fito da wayarsa. Tun farkon buɗe wasan suke tare da mu, ba su taɓa zagin kowa ba, sai kawai aka wayi gari babu ko ɗayansu. Kafin in kira shi na ce Bitrus ya buɗe min abin da ya riƙa rubutawa a akwatin Iya. Daga sama har ƙasa magana ɗaya ce: da sauƙi, da sauƙi, da sauƙi. Raina ya ɓaci sosai. Na ce wato shi ma gundura ce ta kore shi, ashe Oga ne mai gaskiya.

Na kira shi, ya ce zai shigo kasuwar Juma'a sayen zare da yadi, mu haɗu a layin masu yadi da hantsi. Na same shi yana taya wata shadda. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi Oga da Bitrus, ya tambayi ruwa a wajenmu, na tambayi gona da iyali. Ni duk na ƙagu mu gama.

Na ce, “Malam Ado, lafiya muka daina ganinku?”

Ya ce, “Lafiya lau, Malama. Hidimomi ne kawai, kin san damina.”

Na ce, “Don Allah ka faɗa min gaskiya. In wasan ne ya yi muku sauƙi har ya gundure ku, ka faɗa, za a ƙara masa tsauri.”

Ya ajiye shaddar ya dube ni kamar na zage shi. “Sauƙi? Wane wasan? Malama, dodon da ko kan gadar ba ya bari mu taka? Malamin makarantarmu saura kaɗan ya jefa wayarsa a rijiya saboda dodon nan.”

Na ce, “To ai kai ne da hannunka ka rubuta mana da sauƙi. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na gani da idona.”

“Ni? A ina?”

“A akwatin Iya.”

Sai ya fashe da dariya har sai da ya dafa ginshiƙin rumfa. Mai yadi ya tsaya yana kallonmu. Ya ciro wayarsa, ashe bai goge wasan ba. Ya shiga, ya nufi gada shi kaɗai, dodon ya make shi da wutsiya ɗaya ya gama da shi. Sai ya miƙo min wayar ya ce in karanta.

Ga tsohuwa a zaune gaban tukunya, ga akwati a buɗe, a samansa an rubuta: “Sannu ɗana. Ya jiki?”

Ya ce, “To fisabilillahi Malama, tsohuwa sa'ar mahaifiyata ta gaishe ni da jiki, me kike so in ce mata? In zauna in jera mata inda ke min ciwo? Ko a gadon asibiti kike, aka ce miki ya jiki, ai da sauƙi za ki ce. Mu duka haka muke amsa mata.”

Na tsaya riƙe da wayar mutum a tsakiyar kasuwa, na rasa dariya zan yi ko kuka. Wato duk wanda dodon ya kashe sai ya zo ya amsa gaisuwa, mu kuma mu ƙirga shi a masu cewa wasa ya yi sauƙi. Muna ƙara wa dodo ƙarfi, yana ƙara kashe mutane, suna ƙara amsa gaisuwa, mu kuma muna ƙara masa ƙarfi. Wata da watanni muna wannan aikin, mu huɗu, dukanmu da Hausa a bakinmu.

Na ce, “To me ya hana ka faɗa a guruf?”

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, “Na faɗa sau ɗaya. Wani yaro da na haifi kamarsa ya turo min hoton jariri yana shan madara, aka yi ta dariya. Mutanen da nake ja wa sallah wani lokaci suna cikin guruf ɗin nan, duk sun gani. Sai na ce to, wasa ne dai, ba abinci ba ne. Na bar musu.”

Daga kasuwa ofis na wuce kai tsaye. Na sa Bitrus ya buɗe sabon asusu irin na kowa, ya je dodon ya kashe shi. Da ya ga rubutun sai ya riƙe kai ya ce, “Wayyo Allah! Ba haka na rubuta ba fa.” Ashe tambayar da ya saka tun farko ita ce, “Ya ka ji wannan matakin, da sauƙi ko da wuya?” Daga baya Oga yana gyaran maganganun mutanen wasan, ya ga ba tsohuwar da za ta yi wa majinyaci irin wannan tambayar, ai rashin tausayi ne, sai ya mayar da ita gaisuwa. Bai san akwatin yana haɗe da ƙirga ba, Bitrus kuma bai san an taɓa tambayar ba. Tebur ɗaya ne tsakaninsu, kullum kwano ɗaya suke cin gurasa, amma wannan maganar ba ta taɓa haɗa su ba.

Na ɗauka shi ke nan, an gano bakin zaren. Ina! Da Oga ya dawo daga masallaci na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Hajara, mutane ba yara ba ne. Sun san a wasa suke, sun san ra'ayinsu ake nema. Don tela ɗaya ya faɗi haka ba zan rushe aikin wata da watanni ba. Kuma ga Zakuna nan kullum suna cewa dodon bai kai ba.”

Na daure na ce, “Oga, alfarma ɗaya nake nema. Ka ajiye asusun ma'aikata, ka karɓi wannan na Bitrus, ka kashe mana dodon nan muna kallo. In ka kashe shi ba zan sake tayar da maganar ba.”

Ya ce, “Dodon da ni na ƙirƙira?” Ya naɗe hannun riga ya zauna.

Bai kai tsakiyar gada ba aka watsa masa taɓo, wutsiya ta biyo baya. Ya ce bai shirya ba ne. Ya farfaɗo a bukka, akwati ya buɗe, ya tsaya tsakaninsa da komawa fage. Yatsunsa suka buga wani abu da sauri, ko kallon allon bai yi sosai ba, ya koma. Wannan karon ƙahon da ya sa aka ƙara ne ya soke shi. Ya yi tsaki, ya sake bugawa, ya koma. Gumi ya fara keto masa, ya cire hula ya ajiye. Mai zane ya bar aikinsa ya zo ya tsaya a bayanmu. Haka aka yi ta yi, ana kashe shi yana dawowa, har ya kusa kashe dodon sau ɗaya, dodon ya nutse ya taso da jininsa a cike. Oga ya buga tebur ya ce, “Wane mugun ne ya saka wannan?”

Bitrus ya ce, “Kai ka ce a saka, Oga.” Sannan a hankali ya juyo masa da allon kwamfutarsa. Ga abin da Oga ya riƙa rubutawa a jere, ga koren layi ya ɗan ƙara tsawo. Ya ce, “Oga, duk zuwan da ka yi wajen Iya, da sauƙi ka ce mata.”

Oga ya dubi allon, ya dubi wayar, ya buɗe baki ya ce, “To ai gaishe ni ta yi.”

Da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai ya ajiye wayar a kan tebur. Mai zanen nan da ba ya magana shi ne ya fara dariya, sai da ya fita baranda.

A cikin satin aka gyara. Aka bar wa Iya gaisuwarta, amma aka raba ta da ƙirga. Aka cire wa dodon ƙaho da nutsewa, aka bar masa wutsiya biyu don kar ya zama abin raini. Ni kuma aka ba ni damar da na daɗe ina roƙo, duk wanda ya yi wa mai neman taimako ba'a, gargaɗi ɗaya ne, na biyu waje.

Da na sanar a guruf, Zakuna suka tayar da ƙura. Sarkin Yaƙi ya rubuta doguwar magana, wai mun lalata wasa saboda 'yan kunu, wai da can shi da hannu ɗaya yake kashe dodon. Abin ya ba Bitrus haushi ya je ya duba. Tun ranar da aka ƙara wutsiya ta biyu yaron nan bai sake kashe dodon ba, ko sau ɗaya. Kuma akwatinsa cike yake da “da sauƙi” kamar na kowa. Ina cikin mamakin wannan sai ga saƙonsa ta bayan fage, ni kaɗai: “Anti Admin, Allah ya saka da alheri, gaskiya dodon nan ya yi oba. Amma maganar nan tsakaninmu ce, filis.” Na daɗe ina kallon saƙon nan. Da a kan gada nake tsaye, ina jin da wayar ta tafi kogi.

Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya da kira ina ba su haƙuri. Wasu sun dawo, suka jawo wasu. Kaka ta zo, Oga bai sake zancen rufewa ba, ga shi har an kai ga ɗaukarku aiki. Malam Ado kuwa takanas na hau mota na je Achika na same shi a kan keken ɗinki. Na faɗa masa duk gyaran da aka yi, na ce yaran nan ma an taka musu birki, na ce ya yi haƙuri da abin da aka yi masa.

Ya ce, “Haba Malama, ba komai wallahi. Har kin wahalar da kanki.”

Na ce, “To za ku dawo?”

Ya yi murmushi ya ce, “Zan duba.”

Ya sa aka kawo min fura, ya raka ni har bakin titi, ya tsayar min da mota. Ina zaune a ciki na san amsar da aka ba ni, don zuwa lokacin kunnena ya buɗe. Wannan “ba komai” da wannan “zan duba” 'yan gida ɗaya ne da “da sauƙi”. Asusunsa yana nan, ban bari an goge ba, amma har yau bai sake shiga ba, haka ma sauran ayarin Achika.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mutanenmu ba sa kai ƙorafi fuska da fuska, balle a gaban jama'a inda za a yi musu dariya. Za su gaishe ka, su amsa gaisuwarka, su yi maka addu'a, sannan su tafi. Masu ɗaga murya a guruf kuwa ba su ne jama'a ba, wani lokacin ma ba gaskiyar kansu suke faɗa ba. Saboda haka in wani ya rubuto ya ce wasanku ya ishe shi, dodonku zalunci ne, ku yi masa godiya, don wannan yana nan tare da mu. Wanda ya ce muku da sauƙi, ku ajiye abin da kuke yi ku kira shi tun bai yi nisa ba.